Ranar da Na Kira Sunan Dada

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Na ga saƙonnin cigiya, na kuma ga na masu tambaya ko ni ce matar nan ta cikin bidiyon 'yan alkafura. Ni ce. Don Allah ku daina turo min shi, ya riga ya cika min waya.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Rabi'atu. Ɗinki nake yi a wani shago a unguwar Wunti, kuma tun rasuwar mijina na koma gaban Ummata a Fadaman Mada. 'Yata ɗaya, shekararta biyar. Yasmin muke ce mata, har a makaranta ma shi na sa aka rubuta, amma ba shi ne sunan da aka yanka mata rago da shi ba. Sunan kakarta ta ci, mahaifiyar marigayi, wadda kowa a zuri'arsu ke kira Dada. Fulanin ƙauyen Inkil ne, irin gidan da ko baƙuwa ce ta zo da wannan sunan, sai an laƙaba mata wani kafin ta sha ruwa. Ga shi kuma yarinyar 'yar farina ce. Kunya biyu kenan a wuyana, ta suruka da ta 'yar fari. Ita kanta Anti take ce min.

Tun da aka raɗa mata sunan ban taɓa furta shi kunnen mutum ya ji ba. Wuri ɗaya nake faɗarsa, in na ɗaga hannu bayan sallah, shi ma can ƙasan maƙoshi.

Da na fita takaba, mutanen Inkil ba su karɓe ta ba. Ba su kuma ce sun bar min ita ba. Shiru aka yi, ni ma na yi shiru, a cikin shirun nan na raine ta har ta fara ɗaukar jakar makaranta. Duk wata nakan kai ta ta gaida Dada, in riƙa mata sabulu da ɗan sukari, mu juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Gabana ba ya daina faɗuwa sai mun hau keke na ji nauyinta a cinyata.

Mahfuz kuma shi ne wanda ya zo ya haɗa mana sola a shago. Ya gama aikinsa tsaf, amma ya ci gaba da dawowa duba batirin da lafiyarsa ƙalau. Phoebe, abokiyar ɗinkina, ita ta fara gano shi.

"Rabi, batirin nan ya fi ni samun masu dubiya. Ni da na kwanta zazzaɓi wa ya leƙo ni?"

Tun daga nan Umma ta tasa ni gaba. "Yaron nan ya yi haƙuri da ke. Yana da sana'arsa, ba shi da hayaniya, ya ce da ke da 'yarki duk yana so. Me kuma kike jira, mala'ika?" Har aka tsayar da cewa kawunnansa za su zo gaisuwa bayan sallah. Ni dai abin da ke raina ban iya faɗa mata ba. Na san ranar da aka ɗaura min aure, ranar shirun Inkil zai ƙare.

Washegarin sallah Mahfuz ya ce an kawo 'yan wasan alkafura, wai daga Habasha, a wani wurin shaƙatawa da ke bayan gari, irin mai ɗakunan kwana da wurin ninƙaya da lilon yara. Na ce ba za ni ba. Ya ce ai ba ni ya gayyata ba, Yasmin ya gayyata, in na ga dama in rako ta. Umma ta ce in tafi da Phoebe don kada a ce an gan mu mu biyu.

Na sa mata atamfarta ruwan goro da na ɗinka da hannuna, mai fiffike a kafaɗa. Ƙananan kitso ne a kanta da 'yan duwatsu a jela, lallen sallah bai ko fara gogewa ba. Ni kuma leshi ruwan toka da baƙin mayafi, Mahfuz ya zo cikin farar shadda. A jakata akwai ruwa, man zafi, filasta, wandon canji, hular rana, da dambun nama, don ban yarda da abincin waje a cikinta ba. Phoebe ta ɗaga jakar ta sauke.

"Kallo za mu ko gudun hijira?"

A ƙarƙashin wata babbar rumfa aka yi wasan, rabin kujerun a inuwa, rabi a rana. Gaskiya zan faɗa, mutanen nan sun iya abinsu. Wata siririyar yarinya ta lanƙwashe ta baya har ta ɗora tafin ƙafarta a kanta, ta ɗauki fure da baki. Wani ya jera kujeru ɗaya bisa ɗaya, ya hau can sama ya tsaya da hannu guda, ƙafafunsa na kallon rufi. Wasu suna ratsa zoben wuta suna dira a tsaye.

Amma rabin kallon a cikin 'yan kallo yake. Wani alhaji a bayanmu ya gyara babbar riga ya ce, "Wannan ba ƙashi a jikinta. Tun suna jarirai ake jiƙa su a mai."

Matarsa ta ce, "Wane irin mai, Alhaji? Aljanu ne kawai, dubi idonta."

Wani matashi a gefe ya sa baki. "Hajiya, horo ne. Motsa jiki ne kawai."

"To kai motsa mu gani."

Phoebe ta raɗa min, "A ƙauyenmu yara na yin rabin wannan a yashin rafi. Duka ake musu, ba tafi ba."

Akwai kuma wani da tun da ya zauna maganarsa ɗaya ce, an ajiye mutane a rana kuma lemon babu sanyi. Ko da aka ratsa zoben wuta, lemon yake yi wa mita.

Yasmin na tsaye a kan kujera tana tafi, ni ina riƙe da gefen rigarta. Can mai gabatarwa, wani ɗan gari da lasifika a hannu, ya ce ana neman yaro ɗaya jarumi. Na saki rigar in buɗe mata ruwa, kafin in ɗago ta zame.

Na yunƙura, Mahfuz ya ce, "Bar ta, hoto za su yi da ita. Na ga sun yi da wasu yara ɗazu a bakin ƙofa."

Na koma na ɗosana a bakin kujera.

Ba hoto ba ne. Mazan suka hau kafaɗun juna, hawa bisa hawa, sai na ga ana miƙa 'yata daga hannu zuwa hannu kamar ƙullin kaya, har ta kai wurin na can ƙoli. Ya ɗaga ta sama da kansa. Takalminta ɗaya ya faɗo ƙasa. Sai na ƙasan ya yi tangaɗi, gaba ɗayansu suka karkata gefe.

Daga baya aka ce min da gangan suke yi, cikin wasan ne, don cikin 'yan kallo ya ɗuri ruwa. Ni ban san haka ba. Ban san na miƙe ba, ban san mayafina ya maƙale a kujera ba. Bakina ne dai ya buɗe, kuma ba Yasmin ce ta fito ba. Sunan da nake kaiwa gaban Allah shi ya fito, da duk ƙarfin ƙirjina.

"Halimatu!"

Daidai lokacin an tsayar da kiɗa don a ƙara wa mutane fargaba. Babu wanda bai ji ba. Abin da ya fi ci min rai kuwa, mai sunan ko waigowa ba ta yi ba. Dariya take a can sama tana ɗaga wa mutane hannu. Ba ta san da ita nake ba.

Suka sauko da ita lafiya lau. Ni kuma ƙafafuna sun kai ni bakin dandamali sun ajiye, ɗankwali ya zame, kunnena ba ya jin komai sai bugun zuciyata. Phoebe ce ta zo ta yafa min mayafi ta ɗaga ni. Na dai tuna mai gabatarwa yana cewa a tafa wa Halimatu da mamanta, wuri ya ɗauki tafi da dariya.

A mota Yasmin ta yi ta zuba labari. Ta ga rufin motoci, ta ga kan kowa, wani alhaji ashe sanƙo gare shi a ƙarƙashin hula. Na rungume ta ina shafa ƙafar da ba takalmi.

Ba a daɗe ba masu wurin suka tambayi jama'a a shafinsu yadda suka ga wasan. Phoebe ta nuna min a shago. Wata ta ce tun ranar yaranta kujeru suke jerawa a falo, ɗaya har ya fasa leɓe, a dawo da wasan amma a riƙa ja wa yara kunne. Wani ya ce kayan da matan suka sa bai dace da garin nan ba, shi ya tashi da iyalinsa tun a tsakiya. Aka amsa masa da cewa ai ya yi ƙoƙari da ya daure har tsakiya. Wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin abin da ya burge shi haka ba, a kawo su duk sallah. Mai maganar lemo ma na gan shi a can, bai huce ba.

Sai wani ya ɗora bidiyon da ya ɗauka da wayarsa. Daga nan ra'ayi ya bar 'yan Habasha ya dawo kaina.

"Maman Halimatu ce ta cinye wasan."

"Wace irin uwa ce za ta miƙa wa baƙi 'yarta su yi sama da ita, sannan ta zo tana wa mutane ihu?"

"Ku ƙyale ta. Duk wadda ta taɓa naƙuda ta san abin da ta ji." Wannan na karanta na sake karantawa. Wadda ta rubuta, in kina cikin masu karanta ni, Allah ya raya miki naki.

"Mai farar shaddar nan mijinta ne? Ya tsaya riƙe da jaka kamar ɗan rakiya."

"Ba mijinta ba ne. Na san ta, mijinta ya rasu."

Samari suka yanke muryata suka ɗora a kan bidiyon akuya tana faɗowa daga katanga, da na mai babur yana shiga kwata. A Wunti, direban keke in ya taka birki da ƙarfi sai ya ja sunan, fasinja su kwashe da dariya. Ina cikin wani keken aka yi haka. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na sauka tun ban kai inda za ni ba.

Ku da kuka yi dariya ban riƙe ku ba, ba ku sani ba ne. Akwai wata tsohuwa a Inkil da rabon a kira sunanta tun iyayenta na raye. Mijinta bai kira ba, 'ya'yanta ba su kira ba. Yau ga shi a bakin samarin unguwa, a ƙofar gidanta, da muryar matar ɗanta.

Mahfuz ya turo saƙo. "Laifina ne, ni na ce ki bar ta. Ki bari in je Inkil in ba su haƙuri."

Na rubuta, "Kada ka soma."

"To. Su Kawu dai suna nan zuwa wurin Umma ranar Asabar kamar yadda aka tsara, ko?"

Na ga saƙon, na kife wayar a kan keken ɗinki.

Da yamma kiran da nake tsoro ya shigo. Bappa Hammajoda ne, ƙanin mahaifin marigayi, wanda gidan ke hannunsa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Gobe ki kawo yarinya. Dada na son ganinki."

Da safe Umma ta tsaya a kaina ina shirya ta. "Ki durƙusa ki ba da haƙuri. Kada ki yi musu, kada ki yi kuka. Kuma ajiye jakar nan taki, kada su ga kamar kin kawo ta da kayanta."

Mun sami Dada a tsakar gida, kan tabarma a inuwar dalbejiya, tana tsinkar zogale a faifai. Siririyar tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya, ban taɓa ganin haƙoranta a dariya ba. Yasmin ta ruga ta faɗa jikinta. Ni na cire takalmi tun daga zaure na durƙusa nesa da tabarmar. Bappa na kan kujera, carbi a hannu.

Bayan gaisuwa ya ce, "Rabi'atu, mun ɗauka kin san gidan da kika shigo."

"Na yi kuskure, Bappa. Tsoro ne ya fi ƙarfina. A yafe min."

"Matan gidan nan sun ga tsoro kafin ke. Ba mu ji sunan kowa a titi ba."

Na sunkuyar da kai. Sai Dada ta karkaɗe hannunta ta miƙa masa.

"Ba ni abin nan in gani. Kowa ya gani sai mai sunan."

Ya lalubo bidiyon ya ba ta. Ta riƙe wayar can nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido. Dogon ne, wanda ya faro tun daga yarinyar da ke lanƙwashewa.

"Wannan 'yar wa ce ta naɗe haka kamar tabarma? Uwarta na raye?"

Yasmin ta ce, "Dada, jira ki gan ni. Na fi kowa tsawo."

Aka zo wurin hawa kafaɗu. Dada ta ce, "Na ƙasan nan shi ke shan wahala." Sai kiɗa ya tsaya, muryata ta cika tsakar gidan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata mata da ke daka a bayan ɗaki ta tsayar da taɓarya.

Dada ta ce, "Mayar min baya."

Bappa ya ce mata, "Adda, ai ba sai..."

"Mayar."

Ya mayar. Ta sake saurare, kanta a karkace.

"Ashe haka yake in an kira shi da ƙarfi," ta ce. "Na manta."

Ta dubi faifan zogalenta, ba ni ba.

"Ni nawa ɗan farin, har aka fita da gawarsa ta zauren nan ban kira sunansa ba. Ina tsaye a wurin nan. Yana nan har yau," ta taɓa maƙoshinta, "bai fita ba."

Hawayen da Umma ta hana ni suka zubo. Na ce a raina shi kenan, ta yafe, yau ma da 'yata zan koma.

Amma bidiyon bai ƙare ba. Ni ban taɓa kallonsa ya wuce ihuna ba, a nan nake kashewa kullum. Yanzu ina ji daga hannun Dada, ana tafi, an dire Yasmin a ƙasa. Na ɗago na hango fuskar wayar. Ga ni can a durƙushe a bakin dandamali, ga 'yata ta taho da gudu da takalmi ɗaya. Ta wuce ni. Ta yi tsalle ta maƙale mai farar shadda, muryarta tar kamar a kunnen mai ɗauka take.

"Abba, ka gan ni? Abba, ka gan ni a sama?"

A gabana Ankul take ce masa. Wallahi ban san yaushe ta canza ba.

Dada ta kife wayar a kan tabarma a hankali. Ta jawo Yasmin gabanta, ta gyara mata duwatsun kitso.

"Takwara, wane ne babanki?"

Yasmin ta waigo ta dube ni.

"Abba Mahfuz," ta ce. Ta ɗan yi tunani. "Da Abba na cikin hoto."

Bappa ya kawar da fuska. Dada ta daɗe tana shafa bayan yarinyar.

"Ba laifinta ba ne," ta ce. "Ban kuma ce naki ba ne, Rabi'atu. Yarinya ce ke, zama ba naki ba ne. Amma ki bar min ita ta kwana biyu, ta san ɗakin da aka haifi ubanta."

Ku da kuka san Hausa kun san kwana biyu ba shi da ranar cika.

Na lalubi abin da zan iya faɗa. Uwa ba ta cewa ina son 'yata a gaban suruka, balle 'yar fari. Na ce, "Dada, an kusa komawa makaranta."

Bappa ya ce, "Akwai makaranta a Inkil."

"Ba ta zo da kaya ba."

"A aiko."

"Ba ta shan nono da safe, yana ɓata mata ciki."

Dada ta ce, "Uban ma haka ya yi. Na san abin da ake ba su."

Na yi godiya, don haka ake yi. Na yi musu sallama na miƙe.

Bappa ya rako ni zaure. A nan ya rage murya. "Ba ƙwace muka yi ba, ki gaya wa mahaifiyarki haka. In zaman gidanku za ki ci gaba da yi, bayan kwana biyun sai a duba. In kuma aure ne, Allah ya sa albarka, ba mu hana ki ba. Amma 'yar ɗanmu Hammadu ba za ta tashi agola muna raye ba."

Ina sa takalmi na ji muryarta daga tsakar gida. "Anti, in za ki dawo ki taho min da 'yartsanata mai jan gashi."

Na ce, "To." Ban waiwaya ba, don Bappa na tsaye.

A bakin titi na tsaya, rana ta take, hannuna na dama sai laluben iska yake, ya saba da riƙe wani hannu in za mu tsallaka. Waya ta yi ƙara. Mahfuz.

"Yaya aka yi? Sun huce? Ba ni Yasmin mu gaisa."

"Tana ciki."

"Ke kina ina?"

"Bakin titi."

Ina jin ƙarar kasuwa a bayansa, wani na tambayarsa waya mai kauri ko siririya, bai amsa masa ba.

"Saboda sunan ne?"

"A'a. Sunan ta yafe."

"To saboda me?"

Ta yaya zan ce masa saboda yarinyar ta so shi ne?

"Mahfuz, ka ce wa su Kawu su dakata."

"Rabi'atu." Ya ja numfashi. "Har zuwa yaushe?"

Keke ya tsaya a gabana. Direban ya leƙo ya ce, "Hajiya, ke kaɗai ce?" Na ɗaga masa kai.

"Kwana biyu," na ce a wayar.

Bai sake tambaya ba. Shi ma ya san Hausa.